Kwamitin Dindindin na 'Yan Gari Masu Ba Hukumar Sufurin New York Shawara

Kwamitin Dindindin na 'Yan Gari Masu Ba da Shawara, wanda aka fi sani da taƙaitaccen sunansa na PCAC, kwamiti ne na 'yan sa-kai da ke wakiltar fasinjoji a gaban MTA, hukumar da ke tafiyar da jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin bas da jiragen ƙasa na birnin New York da kewayensa a ƙasar Amurka. Cikakken sunansa da Turanci shi ne Permanent Citizens Advisory Committee to the MTA. An fara kafa shi a shekarar 1977, kuma a yau yana tattare da majalisun fasinjoji guda uku masu kujeru 38 gaba ɗaya. Gwamnan jihar New York ne ke naɗa mambobin, kuma ba a biyan su albashi.

Aikin kwamitin shi ne bin diddigin yadda sufurin ke gudana, da sauraron koken masu hawa, da kai wa hukuma shawarwari kan kuɗin tikiti da jadawalin zirga-zirga da kasafin kuɗi. Wakilansa uku na zama a majalisar daraktocin MTA, suna magana a cikinta, amma doka ba ta ba su ikon kaɗa ƙuri'a ba. Saboda haka tasirin kwamitin ya dogara ne ga hujjar da yake tattarawa da kuma naciya kan buƙata ɗaya na tsawon shekaru. Babban misalin da aka fi ambata shi ne rangwamen tikitin jirgin ƙasa ga masu tafiya a cikin birnin, wanda ya ɗauki kusan shekara 20 kafin ya game kowane lokaci na rana.

Hukumar da ake ba shawara

MTA hukuma ce ta jihar New York, ba ta birnin ba. An kafa ta a 1965 da wani suna na daban, domin ceto layin dogo na Long Island wanda ya durƙushe a hannun kamfani mai zaman kansa. A ranar 1 ga Maris, 1968 aka faɗaɗa ta, aka ba ta sunanta na yanzu, aka kuma danƙa mata jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas na birnin tare da wasu gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ruwa da ake biyan kuɗi kafin a bi. Tana hidima ga yankin da ya ƙunshi gundumomin birnin biyar, wato Manhattan da Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island, da ƙananan hukumomi bakwai na kewaye, da wani sashe na jihar Connecticut. Mutum kusan miliyan 15 ke zaune a wannan yanki.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ya fara aiki a ranar 27 ga Oktoba, 1904, kuma yana da tashoshi 472. Kafin annobar korona yana ɗaukar fasinja wajen miliyan biyar da rabi a kowace ranar aiki. Ban da shi akwai layukan dogo biyu da ke kai ma'aikata daga garuruwan kewaye zuwa tsakiyar birni: LIRR mai zuwa gabas ta tsibirin Long Island, da Metro-North mai zuwa arewa.

Majalisar daraktoci ce ke yanke hukunci kan kuɗin tikiti da kasafin kuɗi da manyan kwangiloli. Gwamna ne ke gabatar da sunayen daraktocin, wasu bisa shawarar magajin garin New York, wasu bisa shawarar shugabannin ƙananan hukumomin kewaye, sannan majalisar dattawan jiha ta tabbatar da su. Babu ko ɗaya daga cikinsu da fasinjoji suka zaɓa kai tsaye. Mai hawa jirgi da ke da ƙorafi ba shi da wani darakta da zai iya kayarwa a zaɓe, kuma wannan giɓi ne aka ƙirƙiro kwamitin 'yan gari domin ya rage.

Tarihi

Kwamitin ya samo asali ne a lokacin da sufurin New York ya shiga mafi munin halinsa. A 1975 birnin ya kusa fatara, aka tsuke bakin aljihu, aka yi ta ɗage gyaran layuka da taragu daga wannan shekara zuwa waccan. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 jirage na yawan lalacewa a kan hanya, gobara na tashi a cikin ramuka, an cika taragu da zane-zanen fenti ciki da waje, fasinjoji kuma suna ƙauracewa. A cikin wannan yanayi ne majalisar daraktocin MTA ta kafa kwamitin 'yan gari a 1977, domin ta riƙa jin ta bakin masu amfani da sufurin.

Da yake hukumar ce da kanta ta kafa shi, tana iya rushe shi duk ranar da ta ga dama. Wannan ya canza a 1981, bayan yajin aikin ma'aikatan sufuri na kwana 11 a watan Afrilun 1980, kuma a daidai lokacin da shugaban MTA na wancan zamani, Richard Ravitch, ke neman majalisar dokokin jiha ta amince da wani gagarumin shirin gyara. A shekarar ce majalisar dokokin ta kafa majalisun fasinjoji uku bisa doka: ɗaya ta masu hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas a cikin birni, ɗaya ta fasinjojin LIRR, ɗaya kuma ta fasinjojin layukan arewa, waɗanda suka koma ƙarƙashin kamfanin Metro-North a farkon 1983. Shirin gyaran na shekara biyar ya fara a 1982, kuma tun daga lokacin MTA ke tsara manyan ayyukanta a irin wannan zango, abin da ya zama ɗaya daga cikin manyan batutuwan da majalisun ke tofa albarkacin bakinsu a kai.

Mataki na gaba ya zo a 1995, lokacin da wakilan fasinjoji suka fara zama a majalisar daraktoci ba tare da ƙuri'a ba, tare da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago. A yau irin waɗannan kujeru guda shida ne, uku na fasinjoji, uku na ma'aikata. A 2009 kuma aka shigar da shi kansa PCAC cikin dokar jihar, a matsayin uwar da ke haɗa majalisun uku. Wannan ya zo ne a shekarar da majalisar dokokin ta sake ceto MTA daga giɓin kuɗi ta hanyar sanya sabon haraji a kan albashin da ma'aikatu ke biya a yankin.

Tsari da mambobi

Majalisar fasinjojin cikin birni, wadda ake taƙaita sunanta da NYCTRC, tana da kujeru 15. Gwamna na naɗa mutum biyar bisa shawarar magajin gari, biyar bisa shawarar Mai Kare Muradun Jama'a, wanda zaɓaɓɓen jami'i ne na birnin, sauran biyar ɗin kuma kowane shugaban gunduma na ba da sunan mutum ɗaya. Majalisar fasinjojin LIRR tana da kujeru 12, mafi yawansu daga ƙananan hukumomin Nassau da Suffolk, tare da wakilci daga Brooklyn da Queens. Majalisar fasinjojin Metro-North tana da kujeru 11, daga Westchester da Putnam da Dutchess da Orange da Rockland da kuma Bronx. Fasinjojin Metro-North da ke zaune a Connecticut suna da tasu majalisar daban, wadda jiharsu ta kafa.

Babban sharaɗin zama mamba shi ne mutum ya kasance mai hawa sufurin da yake wakilta a kai a kai. Ba a neman takardar shaida a fannin injiniya ko tsara birane, domin abin da ake buƙata daga mamba shi ne sanin da mai jiran jirgi kowace safiya ke da shi: wace tasha ce matakalarta ta lalace, wane bas ne ke zuwa uku a jere bayan dogon jira, wace sanarwa ce ba a jin ta.

Kowace majalisa tana zaɓen shugabanta, tana kuma ba da sunan wanda zai wakilce ta a majalisar daraktoci. Ɗaya daga cikin sanannun wakilan shi ne Andrew Albert, shugaban majalisar fasinjojin cikin birni, wanda ke zama a majalisar daraktocin tun 2002. A tsawon wannan lokaci an yi gwamnoni da shugabannin MTA da dama, kuma daɗewar irin waɗannan wakilai na sa su tuna alkawuran da sababbin shugabanni ba su san an yi ba.

Ko da yake mambobin 'yan sa-kai ne, kwamitin yana da 'yan ma'aikata ƙalilan masu albashi, waɗanda ke gudanar da bincike da rubuta rahotanni da shirya tarurruka. Babban darakta ne ke jagorantar su, muƙamin da Lisa Daglian ta karɓa a 2018. Ofishinsu yana cikin hedikwatar MTA a kudancin Manhattan, kuma kuɗin gudanar da shi daga kasafin MTA yake fitowa.

Yadda kwamitin ke aiki

Majalisun uku suna zama a kai a kai, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda ke son halarta. Akan gayyaci wani jami'in hukuma ya yi bayani kan wani aiki, kamar sake tsara hanyoyin bas na wata gunduma ko rufe wani layi domin gyara, sannan mambobi su yi masa tambayoyi. Lokaci zuwa lokaci majalisun uku kan haɗu a zama ɗaya domin tattauna abin da ya shafe su duka, musamman kasafin kuɗi. Akwai kuma zaurukan jin ra'ayi inda ake zaunar da shugabannin sassan sufurin a gaban fasinjoji su amsa ƙorafi baki da baki, da ranakun da mambobi ke tsayawa a tashoshi suna karɓar koke.

Hanya ta biyu ita ce binciken gani da ido. Mambobi da ma'aikata kan bi tashoshi da jirage suna rubuta abin da suka tarar, kamar tsafta da alamomin nuna hanya da lokacin isowar bas, sai a haɗa sakamakon a rahoto a miƙa wa hukuma, a kuma raba wa 'yan jarida. Amfanin wannan hanya shi ne tana ba da ma'aunin da za a kwatanta da alƙaluman da hukumar ke fitarwa a kan kanta. Idan hukuma ta ce kashi kaza na jirage sun isa tashar ƙarshe a kan lokaci, kwamitin na iya tambayar minti nawa fasinja ya yi yana tsaye a tashar tsakiya, domin ma'aunin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Hanya ta uku ita ce ba da bahasi. Dokar tarayya ta Amurka ta wajabta wa duk hukumar sufurin da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya ta nemi ra'ayin jama'a kafin ta ƙara kuɗin tikiti ko ta rage zirga-zirga sosai. Wakilan kwamitin kan yi magana a irin waɗannan zama, da kuma gaban majalisar birni da majalisar dokokin jiha a Albany lokacin muhawarar kasafin kuɗi.

Hanya ta huɗu ita ce kujerun majalisar daraktoci. Wakilin da ba shi da ƙuri'a yana karɓar takardun da sauran daraktoci ke karɓa, yana shiga ƙananan kwamitoci, yana kuma iya yi wa shugabannin hukumar tambaya a zaman da ake watsawa kai tsaye. Tambayar da aka yi a irin wannan zama tana shiga kundin taro, kuma dole jami'in da aka tambaya ya ce wani abu.

Batun tikitin cikin gari

Wannan batu ne ya fi nuna abin da kwamitin ke iya yi da kuma tsawon lokacin da abin ke ɗauka. Layukan LIRR da Metro-North suna ratsa unguwannin Queens da Brooklyn da Bronx a kan hanyarsu ta zuwa Manhattan, kuma suna da tashoshi a wasu wuraren da jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai ba. Sai dai an tsara kuɗinsu ne domin masu zuwa daga nesa, don haka mazauna waɗannan unguwanni da dama ba sa iya hawa. Jirgi mai sauri kan wuce ta bayan gidajensu da kujeru babu kowa, su kuma suna kan layin jiran bas.

Majalisar fasinjojin cikin birni ce ta ba da shawarar a yi tikiti mai rangwame ga duk tafiyar da ta fara ta kuma ƙare a cikin birnin. An ƙaddamar da shi a 2004 da sunan CityTicket a kan dala 2.50, amma ranakun Asabar da Lahadi kaɗai, wato ba ya amfanar mai zuwa aiki a ranakun mako.

A 2015 majalisar ta fitar da rahoto kan kudu maso gabashin Queens, yankin da mafi yawan mazaunansa baƙar fata ne kuma suna cikin masu tafiya mafi tsawo zuwa wurin aiki a birnin. A lokacin kuɗin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa dala 2.75 ne, amma tafiya zuwa Manhattan na cin kusan awa ɗaya da rabi. Bas mai zuwa kai tsaye dala 6.50 ne, kuma yakan maƙale a cunkoso. Jirgin LIRR yana kai mutum cikin kusan minti 35, amma tikitinsa a lokacin cunkoso dala 10 ne, ban da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa idan mutum zai ƙarasa wani wuri. Rahoton ya nemi a yi tikiti ɗaya mai suna Freedom Ticket, wanda zai ba mutum damar hawa jirgin ƙasa a cikin birni da rangwame, ya kuma sauya zuwa bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da sake biya ba. Hujjar ita ce kujerun suna nan babu kowa, don haka cike su ba ya buƙatar gina sabon layi.

Hukumar ba ta karɓi shawarar dukanta ba. Abin da ta yi shi ne gwaji: a watan Yunin 2018 ta fito da Atlantic Ticket, wanda ke aiki tsakanin tashoshi goma na LIRR a Queens da Brooklyn. Tafiya ɗaya dala 5 ce, tikitin mako kuma dala 60, haɗe da katin hawa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba iyaka. Tikitin bai kai fasinja tashar Penn da ke Manhattan ba, domin hukumar na ganin jiragen da ke zuwa can sun riga sun cika.

Annobar korona ta sauya lissafin. A watan Afrilun 2020 masu hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, layukan dogo na kewaye ma suka zama wayam, kuma ko bayan an sassauta dokar kulle ma'aikatan ofis da yawa sun ci gaba da aiki daga gida. Hukumar da a da ke cewa babu wuri ta koma neman fasinja. A farkon 2022 aka faɗaɗa CityTicket zuwa ranakun mako a lokutan da ba na cunkoso ba, a kan dala 5. A watan Agustan 2023 aka ƙara na lokacin cunkoso a kan dala 7, aka kuma soke Atlantic Ticket. Da haka rangwamen ya game dukan birnin a kowane lokaci, shekara 19 bayan fara shi. Amma sokewar ta tafi da tikitin mako mai haɗe da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne ƙashin bayan shawarar 2015, kuma kwamitin ya koma neman a dawo da irinsa ga dukan birnin.

Wasu batutuwan da kwamitin ya sa baki

Kwamitin ya goyi bayan harajin cunkoso, wato kuɗin da ake karɓa daga motocin da ke shiga Manhattan daga titi na 60 zuwa kudu, domin samar da dala biliyan 15 na gyaran sufuri. An shirya fara karɓar harajin a ƙarshen Yunin 2024 a kan dala 15, sai Gwamna Kathy Hochul ta dakatar da shi saura 'yan makonni. Daga baya aka fara shi a ranar 5 ga Janairu, 2025 a kan dala 9.

Ya kuma riƙa neman a faɗaɗa shirin Fair Fares, wanda birnin ya fara a 2019 domin ba masu ƙaramin ƙarfi tikiti a rabin kuɗi, ta yadda zai haɗa da ma'aikatan da albashinsu ya ɗan haura ma'aunin talauci. Batun masu buƙata ta musamman ma yana cikin abin da yake bi. A 2022 MTA ta sasanta wasu ƙararraki da ƙungiyoyin naƙasassu suka shigar, inda ta yi alkawarin cewa kashi 95 cikin ɗari na tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa za su zama masu shiguwa ga mai keken guragu nan da 2055. A lokacin wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na tashoshin ke da wannan sauƙi.

Iyakar ikonsa da sukar da ake yi

Babban raunin kwamitin shi ne rashin ƙuri'a. A 2010, lokacin da giɓin kasafin kuɗi ya sa MTA ta soke layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa biyu, V da W, tare da hanyoyin bas da dama, wakilan fasinjoji suna zaune a ɗakin, amma hukuncin na masu ƙuri'a ne. Sai a watan Nuwamban 2016 aka dawo da layin W. Saboda irin wannan ne kwamitin ke goyon bayan wani ƙudiri da Sanata Andrew Gounardes da ɗan majalisa Jeffrey Dinowitz suka gabatar a majalisar dokokin jiha, wanda ke neman ba wakilan fasinjojin uku ƙuri'a, da ƙara kujera mai ƙuri'a ga wakilin masu buƙata ta musamman.

Suka ta biyu ta shafi 'yancin kai. Kwamitin da ofishinsa ke cikin ginin hukuma, kuɗinsa ke fitowa daga kasafinta, mambobinsa kuma 'yan siyasa ne suka ba da sunayensu, yana fuskantar tambayar ko zai iya ɗaga murya idan ta kama. Amsar da ake bayarwa ita ce doka ce ta kafa shi, don haka hukumar ba ta da ikon rushe shi ko korar mambobinsa, kuma kusancin ne ke ba shi damar ganin takardu da tattaunawa da ma'aikatan da ke tsara jadawali tun kafin a yanke hukunci.

Suka ta uku ta shafi waɗanda ke iya zama mambobi. Aikin da ba albashi, wanda ke buƙatar halartar taro da karanta dogayen takardu, ya fi sauƙi ga mai ritaya ko mai aikin ofis da ke iya tsara lokacinsa. Mai aikin dare ko mai aiki biyu, wanda rayuwarsa ta fi rataya a kan bas, shi ne ya fi wuyar samun sarari. Ga kuma jinkirin naɗi, wanda kan bar wasu kujeru babu kowa na dogon lokaci.

Waɗannan matsaloli ba na New York kaɗai ba ne. A wata maƙala da ta shahara a fannin tsara birane, wadda aka buga a 1969, Sherry Arnstein ta kwatanta shigar jama'a cikin harkar mulki da tsani mai matakai takwas. Ta sanya tuntuɓa da kwamitocin ba da shawara a tsakiyar tsanin, inda ake sauraron mutane amma ikon yanke hukunci ya rage a hannun masu mulki. A wannan ma'auni PCAC yana matakin tsakiya ne, ko da yake samun ma'aikatan bincike na kansa da kujeru a majalisar daraktoci ya ba shi ƙarfin da yawancin irin waɗannan kwamitoci ba su da shi.

Dangantaka da ƙungiyoyin fafutuka

PCAC ya bambanta da ƙungiyoyin fasinjoji masu zaman kansu da ke birnin, irin su Straphangers Campaign da aka kafa a 1979 da Riders Alliance da aka kafa a 2012. Waɗannan ba doka ce ta kafa su ba, ba su da kujera a majalisar daraktoci, kuma da gudummawa suke gudana. Suna iya shirya zanga-zanga, su tara sa hannun jama'a, su kama sunan gwamna ko magajin gari su ɗora masa laifi. Shirin Fair Fares, alal misali, ya samu ne galibi ta hanyar gangamin da Riders Alliance da ƙungiyar Community Service Society suka jagoranta. Sau da yawa ɓangarorin biyu kan haɗu a kan buƙata ɗaya, na waje suna matsa wa 'yan siyasa lamba, na ciki suna kawo alƙaluma da bin maganar a zaman hukuma.

Makamantansa a wasu birane

Birane da dama suna da irin wannan tsari, kowanne da gwargwadon ikonsa. A San Francisco, gyaran dokar birni da masu zaɓe suka amince da shi a 1999 ya kafa hukumar sufuri ta birnin tare da majalisar 'yan gari mai mambobi 15, inda magajin gari ke naɗa huɗu, 'yan majalisar birni 11 kuma kowanne ya naɗa ɗaya. An ware wa tsofaffi da masu buƙata ta musamman gurabe a cikinta. A Washington, hukumar sufurin yankin ta kafa majalisar ba da shawara ta fasinjoji a 2005, mai wakilai daga babban birnin da jihohin Maryland da Virginia.

A Birtaniya akwai London TravelWatch, wadda doka ta kafa domin kare fasinjojin Landan, kuma majalisar birnin ce ke ba ta kuɗi, ba hukumar sufurin da take sa wa ido ba. Tana duba ƙorafin fasinjan da bai gamsu da amsar kamfanin sufuri ba, kuma doka ta ba ta gurbi idan za a rufe wata tasha ko ofishin sayar da tikiti. A 2023, lokacin da kamfanonin jiragen ƙasa suka nemi rufe mafi yawan ofisoshin tikiti a Ingila, ita da takwararta Transport Focus sun karɓi martani kusan 750,000 daga jama'a, suka kuma ƙi amincewa da shirin. A ƙarshen watan Oktoban shekarar gwamnati ta umarci kamfanonin su janye shi.